Shaguna Biyu, Mai Kwalba Ɗaya

Shekara biyu ta yi tana sayar da kaya a ɗakin ƙofar gidan mahaifinta kafin maganar kama shago ta taso. Kayan ba wasu baƙi ba ne: sabulun ruwa, garin sabulun wanki, man girki, shinkafa, wake, sukari da gishiri. Abin da ya raba ta da sauran masu kanti shi ne ba ta ba da leda, ba ta kuma sayar da komai a ƙunshe cikin roba. Kai za ka zo da mazubinka, kwalba ce ko gwangwani ko jarka, ta ɗora a sikeli, ta zuba maka daidai kuɗinka. Wanda ya zo hannu rabbana sai ta ara masa ɗaya daga cikin kwalaben da ta wanke ta kife a kan katako. Da haka maƙwabta suka laƙaba mata Mai Kwalba, sunan ya bi ta, har mahaifinta ma da shi yake kiranta idan tsokana ta motsa masa.

Baba ya yi shekara talatin da ɗaya yana yashe magudanun ruwa a hukumar tsaftar gari kafin ya yi ritaya. Tun tana ƙarama take jin labarin abin da yake tsamowa daga ƙarƙashin tituna, kuma daga nan ne ƙyamar leda ta shige ta. Yayanta kuwa direba ne, yana da tsohuwar motar kaya tasa ta kansa. Shi ke zuwa wurin masu sari ya ɗauko mata durom-durom na mai da sabulu da buhunan hatsi. Tun farko sun yi magana a kan sana'ar ta su biyu ce: ita da hannu da baki, shi da mota da ƙarfi.

Da ɗakin ya yi musu kaɗan, har buhuna suka fara cin hanyar shiga gida, sai Yaya ya nemo dillali. Dillalin ya kai su wuri biyu a rana ɗaya.

Na farko a wata sabuwar unguwa yake can gefen gari, inda gidaje ke da dogayen katangu da shuke-shuke a ƙofa. Jerin shaguna shida ne sababbi fil, fenti ma bai gama bushewa ba. Akwai fili a gaba da zai ci mota ashirin, akwai ɗakin ajiya a baya mai famfo a ciki, ga tagar gilashi daga sama har ƙasa. Kantin magani a dama, mai sayar da furanni a hagu. Yaya ya kai mota da baya har bakin ɗakin ajiyar don gwaji, ya fito yana murmushi.

Na biyu a tsakiyar gari yake, a wani tsohon layi da ke tsakanin tashar bas da manyan ofisoshi. Da can shagon wani mai gyaran agogo ne, har yanzu ƙusoshin da yake rataye agogai suna nan a bango. Da ta shiga ta buɗe hannuwanta biyu, saura kaɗan yatsunta su taɓa bango da bango. Ba ɗakin ajiya, sai wani ɗan katako da aka kafa kusa da rufi. Mai aski a gefe ɗaya, mai gyaran takalma a ɗaya gefen. Kuɗin hayarsa ya ɗara na wancan, alhali bai kai kashi ɗaya cikin uku na girmansa ba. Dillali ya ƙara da cewa motar kaya ba ta shiga layin daga bakwai na safe sai bayan faɗuwar rana.

"Wannan ai akurki ne," in ji Yaya. "Kaza ma sai ta yi shawara."

"Akurkin da mutum dubu ke wucewa ta ƙofarsa kullum," in ji dillali, wanda ko wanne aka ɗauka shi dai ya ci.

Da suka koma gida suka zayyana wa Baba komai yana zaune a kan kujerarsa ta roba yana gyaran rediyo. Yaya ya yi ta yabon na bayan gari: ga fili, ga sauƙi, ga masu hali da suka san darajar abin da ake yi. Baba ya ɗago kai.

"Bayan gari? Mu dai a zamaninmu abu ɗaya ake zuwa yi a bayan gari, kuma ba ciniki ba ne."

Yaya ya yi dariya ba don ya so ba. "Baba, maganar gaske ake yi."

"Ni ma ita nake yi. Ke Mai Kwalba, me zuciyarki ta ce?"

Ta ce ba ta sani ba. Kanta yana gaya mata Yaya ya fi ta gaskiya, amma da ta tsaya a cikin ƙaramin shagon nan ta ji kamar ta taɓa zama a wurin.

"To ba a sayen doki da jin haniniyarsa," in ji Baba. "Ku roƙi masu shagunan su bar ku ku kafa tebur a ƙofa, nan mako ɗaya, can mako ɗaya. Gani ya kori ji."

Haka aka yi. Suka fara da gefen gari.

Tun ranar farko ciniki ya buɗe. Mata suka riƙa tsayar da motoci suna leƙowa, washegari su dawo da kwanduna cike da kwalabe. Wata malamar makaranta ta zo da mazubai goma sha ɗaya, duk tsofaffin kwalaben zuma da na man shafawa da ta daɗe tana tarawa, ta ce shekara da shekaru tana neman wuri irin wannan. Wasu kuma sababbin kwalaben gilashi masu murfin katako suka sayo musamman, takardar farashi ma ba su ɓare ba. Ba mai tayawa, ba mai cewa a rage. Kafin la'asar sai Yaya ya koma gida ya ƙaro kaya. Yana sauke buhu yana waƙa.

Ita ma ta ji daɗi, ba ta ɓoye ba. Sai ranar Alhamis wata mata ta zo a wata ƙatuwar mota, ta fito da kwalba ɗaya tak ta sabulun ruwa. Ba ta kashe motar ba, saboda mahaifiyarta na ciki kuma ana zafi. Matar tana da fara'a ƙwarai. Ta ce ƙawarta ce ta ba ta labari, ita daga can ɗaya ɓangaren garin take, tafiyar rabin awa, amma ta ce lalle sai ta zo ta ba da tata gudummawar.

"Abin da kike yi abu ne babba, 'yar'uwa. Robar nan ta ishe mu."

Mai Kwalba ta yi godiya, tana zuba sabulu ta mazurari, hayaƙin motar yana dukan ƙafafunta da ɗumi. Bayan matar ta tafi ta tsaya tana kallon filin motocin. A nan ne ta lura cewa kwana huɗu ke nan, ko mutum ɗaya bai zo mata da ƙafa ba, in ban da mai gadin jerin shagunan. Shi ma gaisuwa kawai yake zuwa yi.

Ta gaya wa Yaya a hanyar komawa. Ya ce, "To sai me? Da ba su zo wurinki ba, da babban kanti za su je, a motar dai. Ba ke kika saya musu motar ba."

Ta san maganarsa a kan hanya take.

Mako na biyu suka koma tsakiyar gari, abin ya zo da gardama. Ranar farko sun makara, ma'aikacin hanya ya hana motar shiga, sai can bayan tasha Yaya ya samu wurin tsayawa. Sawu bakwai ya yi yana kinkimo jarkoki a cikin cunkoso, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Mutane kuwa kamar an buɗe musu ƙofa, dubbai, amma kowa sauri yake yi. Ma'aikatan ofis suka riƙa tsayawa suna karanta allon da ta rubuta, su ce kai, wannan tunani ya yi kyau, wasu har hoto suke ɗauka. In ta ce a zuba musu, sai su duba hannuwansu. Wa zai fito aiki da kwalbar man girki a jaka? Kwana uku ta sha yabo har ta ƙoshi, kaya kuwa suna nan yadda aka kawo su.

"Yabon nan a wane buhu za mu zuba shi?" in ji Yaya.

Ranar Alhamis, don gudun ma'aikacin hanya, suka iso tun shida da kwata. Layin ya zama wani daban. Ba ma'aikatan ofis masu taye a wuya da jakunkuna, sai mata masu sharar ofisoshi suna fitowa daga dogayen gine-gine sun gama aikinsu, da masu wanke-wanke a gidajen abinci, da mazauna ɗakunan da ke saman shaguna suna saukowa da bokitai. Ashe layin da mutane a cikinsa, ba masu wucewa kaɗai ba. Ita duk ta ɗauka ba mai kwana a wurin.

Wata dattijuwa mai shara, gajera, da tabarau ɗaure da zare, ta tsaya a gaban teburin ta daɗe tana duban garin sabulun.

"'Yata, kina sayar da na kuɗi kaɗan, ko sai masu mudu?"

"Ko na nawa ne, Iya. Kina da abin zubawa?"

Dattijuwar ta laluba jakarta ta fito da wani gwangwanin madara da take shan ruwa da shi a wurin aiki. Ta miƙo 'yan tsabar da ta saba sayen ƙaramar leda ɗaya ta garin sabulu da su kowace safiya. Mai Kwalba ta auna ta zuba. Matar ta leƙa gwangwanin, ta girgiza shi, ta sake leƙawa.

"Kin yi kuskure. Wannan ya fi na leda yawa."

"Ban yi ba, Iya. A can har kuɗin ledar kike biya, da hoton da aka buga a jikinta."

"Au! Shekara nawa ina sayen hoto ban sani ba?"

Washegari ta dawo da mata huɗu, kowace da gwangwaninta ko tsohuwar robar ruwa. Mai aski ya kawo kwalba a zuba masa sabulun ruwa. Wata mai wanke kwanuka ta sayi man girki na cokali shida. Cinikin duka bai kai abin da malamar nan mai mazubai goma sha ɗaya ta saya ita kaɗai ba, amma hannun Mai Kwalba bai huta ba har takwas.

Ranar Asabar Baba ya hau bas ya zo ganin wuri. Bai ko kalli shagon sosai ba, ƙasa yake kallo. Ya ce layin nan ya san shi ciki da bai, sai dai ta ƙarƙashi ya san shi. Ya ja ta zuwa wani murfin ƙarfe mai ramuka a bakin titi, ya ari sandar mai gyaran takalma, ya zura ya motsa, ya ɗago. Ƙananan ledoji ne suka maƙale a jikin sandar, na garin sabulu, na mai, na sukari, kowace ba ta fi tafin hannu ba, sun dunƙule da laka.

"Kin ga abokan aikina," ya ce. "Sau uku a shekara muke buɗe nan. Unguwannin masu katanga kuwa sai mu shekara biyu ba a kira mu ba, don su mota ke zuwa ta kwashe musu shara. Ba wai mutanen nan ƙazamai ba ne. Wanda ake biya kuɗin yini, na yini yake saye. Na yini kuwa a 'yar leda yake zuwa."

Ta ce, "Ke nan nan ya kamata in kama, Baba?"

Ya mayar wa mai takalma sandarsa, ya goge hannu. "Ni ban ce ba. Ni abin da na sani na nuna miki. Kuma ba ni zan ɗauki durom ba."

A ranar da yamma, suna sauke kaya a ƙofar gida, ta gaya wa Yaya cewa zuciyarta ta karkata ga na cikin gari. Ya ajiye jarkar da ke hannunsa a hankali.

"Kin ga abin da muka samu can, kin ga na nan. Ko makaho ya shafa ya san bambanci."

"Na gani, Yaya. Amma waɗanda suka fi buƙatar shagon a nan suke."

"Buƙata! Masu man cokali shida? Ki tashe ni tun duhu, in yi ta dako kamar jaki, hayar ta fi tsada, wurin ajiya babu, don mata biyar masu gwangwani? Ke kina son gyara duniya, amma da bayana za ki gyara ta."

Ranta ya ɓaci, bakinta ya riga tunaninta. "Da kuɗi kawai nake nema ai da tuni leda nake sayarwa."

Ya dube ta. "To. Mu masu iyali da ke neman abin sa wa a baki, mu ne marasa tunani. Na gode."

Ya shiga mota ya tafi. Kwana biyar bai leƙo gidan ba, bai kuma ɗaga wayarta ba. Baba bai sa baki ba, sai dai kullum in ta kawo masa shayi ya tambaye ta, "Yayanki fa?" kamar bai san komai ba.

A rana ta uku ta shirya ita kaɗai ta koma gefen gari, don ta sake ganin shagon ba tare da kowa yana mata magana a kunne ba. Bas biyu ta hau, sannan ta taka tafiyar minti ashirin a bakin titin da ba a yi wa masu ƙafa wuri ba, motoci na wucewa suna kaɗa mata mayafi. Ta zauna a kan dakalin shagon. Wurin shiru, iska mai daɗi, ƙamshin furanni na fitowa daga maƙwabta. Ta ga inda za ta jera durom goma, da inda za ta kafa wurin wanke kwalabe. Ta so wurin, ba ƙarya.

Ta yi ƙoƙarin yi wa kanta adalci. Matan nan masu motoci da gaske suke, kuma mace ɗaya a cikinsu tana sayen abin da zai hana manyan robobi goma zuwa juji. Wataƙila idan aka tara, robar da za a tsirar a nan ta fi ta can nauyi. Amma kowace da hayaƙinta take zuwa. A can kuma ba hayaƙi, sai dai cinikin kamar ɗigon ruwa, kuma in shago ya mutu a wata shida, ba leda ko ɗaya da ya hana. Ta juya abin ta ko'ina. Duk rayuwarta da sikeli take aiki, amma ba ta da wanda zai auna mata hayaƙi a hannu ɗaya, leda a ɗaya hannun, balle a ɗora bayan Yaya a kai.

Abin da ya tsaya mata a ƙarshe ƙarami ne. Da ta tashi komawa, ta tsaya jiran bas kusan awa guda, sai ta ga cewa ita kanta, mai shagon, ba za ta iya zuwa shagonta ba sai an kawo ta. Iya mai shara kuwa ko labarinsa ba za ta ji ba.

Ranar da ta cika kwana biyar ta tafi gidan Yaya da hantsi. Matarsa ta buɗe mata, ta yi mata nuni da ido zuwa falo. Yana kwance rubda ciki a kan tabarma, ba riga, warin man zafi ya cika ɗakin. Matar ta raɗa mata cewa tun ranar dakon jarkokin nan bayan ya riƙe, ya hana a faɗa wa kowa.

Ta durƙusa kusa da shi. "Yaya, na yi maka magana marar daɗi. Ka yafe mini."

"Ya wuce," ya ce, fuskarsa a cikin matashi. "Kin fasa?"

"Ban fasa ba."

Ya yi wata 'yar dariya da ta sa shi cije baki don zafi. "Kan nan naki irin na Baba ne."

Ta gaya masa abin da ta tsara. Ba sauran durom, sai ƙananan jarkoki da rabin buhu. Sau biyu a mako kawai, da sassafe, mota ta tsaya a bakin ƙofa, ita da mai gyaran takalma su sauke, sun riga sun yi magana. Shi ko jarka ɗaya ba zai taɓa ba.

Ya juyo da kai ya kalle ta. "Zan kawo miki kaya, ki biya ni kamar yadda kowa ke biyana. Amma hannuna ya fita daga shagon. Ba fushi ba ne. Ina da 'ya'ya uku, ba zan iya sa abincinsu a abin da ban yarda da shi ba. Ke kin yarda, ki riƙe."

Ta so ta roƙe shi, sai ta ga bai kamata ba. Ta ce to. A hanya ne hawayen suka zo mata, don tun tana ƙarama ba ta taɓa yin wani abu babba ba tare da shi a gefenta ba.

Ta buɗe shagon a farkon wata. Watanni huɗun farko sun ba ta wuya sosai. Safiya cike, sauran yinin sai ita da ƙudaje da ƙarar injin mai aski. Sau biyu ta ɗauki waya za ta kira dillali ta ce ya nemo wanda zai karɓa, ta ajiye.

Iya mai shara ce ta kawo mafita, ba ma da niyya ba. Wata safiya ta zo da kwalabe uku, ta ce na wata ma'aikaciya ce a ofishin da take sharewa. Matar tana son man girki da sabulu, amma kunya take ji ta shiga ofis da su.

"Na ce mata ta bar su a nan da safe, in ta tashi aiki ta biyo ta ɗauka a hanyar tasha. Ko ba kya ajiya?"

"Ina ajiyewa, Iya. Amma yaya zan gane na wane ne?"

Iya ta kunce ɗan jan zare daga bakin jakarta ta ɗaura a wuyan kwalaben. "Ga shi. Wannan ta ja ce."

Kafin wata biyu ƙusoshin bangon duk sun cika da jakunkunan yadi, kowace da zarenta, ja da kore da shuɗi da mai ƙulli biyu. Ma'aikata su ajiye da safe a guje, su ɗauka da yamma a guje. Ba ta yi arziki ba. Haya tana fita, tana biyan Yaya, tana sayen maganin Baba, ɗan abin da ya rage ba ya kai a yi labarinsa. Murfin ƙarfen bakin titi kuma bai daina tara leda ba, don layin yana da kanti bakwai ban da nata.

Wata safiya, shekara ta kusa zagayowa, Yaya yana zaune a mota ana sauke kaya, ya kira ta bakin taga.

"Gara ki ji daga bakina. An kama shagon can na gefen gari. Irin sana'arki ake yi a ciki."

Dillali ne ya haɗa da labarin teburinta ya ba da hayarsa ga wani tsohon ma'aikacin banki da ya ajiye aiki yana neman abin yi. Yaya ya ƙara da cewa wata biyu ke nan shi ke kai wa mutumin kaya.

Ta ce Allah ya sa albarka, amma ranar ko abincin kirki ba ta ci ba. Ranar Lahadi, da ba ta buɗewa, ta ce Yaya ya tafi da ita ta gani.

Shagon ya yi kyau har ya ba ta haushi. Durom-durom na ƙarfe masu ƙyalli a jere, kowane da famfonsa, katakai masu santsi, ma'aikata biyu da riguna iri ɗaya, motoci cike da fili. Abin da take sayarwa a mako, a nan kafin azahar an sayar. Ta tsaya a tsakiya ƙyashi yana cin ta, ba ta kuma yi wa kanta ƙarya ba.

Mai shagon, wani dogo mai furfura a gemu, da ya ji ko wace ce sai ya fito da sauri yana gaishe ta kamar ya ga malamarsa. Ya zagaya da ita ko'ina, sannan ya ja ta ɗakin ajiya ya rage murya. Ya buɗe wani buhun wake. Ƙwari sun cinye shi, sai gari da ramuka. Ya ce buhu na huɗu ke nan, kuma ba ya son zuba maganin feshi a abin da mutane za su ci. Man girkinsa ma yana canja wari kafin durom ya ƙare.

"Hajiya, ni takarda na sani. Wannan aikin naki ne. Me nake yi ba daidai ba?"

Shekara uku ta yi tana koyon amsar nan da asararta, kuma ba wanda zai zarge ta in ta ce ba ta sani ba. Ta dubi waken, abinci ne da wani ya noma. Sai ta sa hannu ta ɗebo.

"Kana saye da yawa ne don kana da wuri. Ka rage. Wanda ka saya ka shanya shi ya bushe ƙarau, ka zuba a durom mai murfin da iska ba ta shiga, ka cika shi har baki, kada ka bar wa ƙwaro wurin numfashi. Buhunan nan kuma ka ɗaga su daga ƙasa. Man kuwa, ka janye shi daga jikin tagar can, rana ce ke dafa maka shi. Kuma kada ka ƙara sabo a kan tsoho, sai ka wanke durom ya bushe."

Ya ciro biro yana rubutawa a bayan wata takarda, yana cewa ta maimaita. Kafin su rabu shi ya kawo shawarar su riƙa haɗa sarin mai da sabulu, tunda direbansu ɗaya, masu sari za su sauƙaƙa musu. Ta ce za ta yi tunani, ko da yake ta san za ta yarda.

Suka kama hanyar komawa. Sai da suka shigo cunkoson gari Yaya ya ce, ba tare da ya kalle ta ba, "Shagonsa ya fi naki kyau."

"Na gani da idona."

"Ya fi naki ciniki."

"Yaya, na ce na gani."

Ya canja giya, ya kauce wa wani mai keke. "Sai dai wata biyu ina kai masa kaya, kullum ma'aikacinsa ke sa hannu a takarda, ko ruwa ba a taɓa ce mini in sha ba. Ke kuwa mai askinku har gyaran fuska yake mini kyauta kafin ku gama saukewa." Ya shafa haɓarsa. "Talata da ƙarfe nawa?"

"Shida da kwata."

"Ki ce masa ya wasa aska."